Motar Ingila ko ta Amurka: wacce ke gudu, wacce ke riƙe kuɗinta?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu sha'awar manyan motoci, wai motar Amurka ta gudu ce da ruri, ta Ingila kuwa ta ajiya ce, kowace shekara kuɗinta hawa yake yi. Maganar tana da daɗin faɗa a majalisa, ta kuma jefa mutane da dama cikin asara. Duk watan Agusta ana yin babban gwanjon tsofaffin motoci a yankin Monterey na jihar Kalifoniya, kuma can ne ake ganin inda kuɗi ke zuwa da gaske. A 2016 an sayar da Jaguar D-Type wadda ta ci tseren Le Mans na 1956, tseren awa 24 da ake yi a Faransa, a kan dala miliyan 21.78. A 2017 Aston Martin DBR1 ta tashi a miliyan 22.55. Shekara ta zagayo, Duesenberg SSJ ta 1935, ƙirar Amurka, ta tashi a miliyan 22 cif. A ƙololuwa ke nan, kusan kunnen doki aka yi. A daidai wannan lokaci kuma mutum zai iya samun Rolls-Royce Silver Shadow mai tafiya a Ingila a kuɗin da bai kai na sabuwar ƙaramar mota ba. In da tambari ne ke riƙe daraja, da hakan ba ta faru ba.

Ra'ayina shi ne, a fagen ƙarfi gwargwadon kuɗin da aka biya, Amurka ce a gaba tun fil azal. A fagen daraja kuma Ingila ta fi yawan motocin da ke kai miliyoyi, amma ita ce dai ta fi yawan motocin da ke cinye mai su. Wanda ya haɗa waɗannan biyu ya ɗauka abu ɗaya ne, shi ke shan wuya.

Bambancin ya faro tun daga tushe. A 1907 Rolls-Royce ta tabbatar da kanta ta hanyar tuƙa Silver Ghost guda ɗaya mil 15,000 a ƙarƙashin sa idon ƙungiyar masu motoci ta Ingila. Shekara guda bayan haka Cadillac ta je Ingilar ta yi nata gwajin a filin Brooklands: aka wargaza motoci uku, aka cakuɗa kayansu a wuri ɗaya, aka sake haɗa su ba tare da an goge ko an daidaita wani ƙarfe da hannu ba, suka yi tafiyar mil 500 lafiya lau. Wannan ya ba Cadillac kofin Dewar, lambar yabon da ƙungiyar masu motocin Ingila ke bayarwa. Ɗaya tana cewa ga abin da hannun gwani zai iya yi wa mota ɗaya, ɗayar tana cewa ga mota dubu da kowace kusa tata za ta shiga ta 'yar'uwarta. Har gobe wannan bambanci ne ke bayyana a kuɗin gyara.

Hanya da haraji su ma sun yi nasu aikin. Har zuwa 1947 Ingila tana karɓar harajin mota ne bisa faɗin bakin silinda da yawansu, don haka injiniyoyinta suka saba ƙera inji mai ƙuntataccen baki da doguwar tafiyar fistin. Titunansu kuma ƙanana ne masu yawan kwana, fetur da tsada. Amurka tana da dogayen hanyoyi miƙaƙƙu da mai araha, ba wanda ya hana ta girman inji. Duesenberg Model J da ta fito a 1928 tana da inji mai silinda takwas a jere, lita 6.9, ƙarfin doki 265, a lokacin da Rolls-Royce Phantom II ke wajen 120. Ko Bentley 8 Litre, wadda guda 100 kawai aka ƙera, a 220 ta tsaya. Cadillac ta fito da inji mai silinda 16 a 1930. Duk wanda ke cewa Amurka ba ta san alfarma ba, bai san wannan zamani ba ne.

Sai dai a yi hattara da alƙaluman ƙarfin doki na tsofaffin motocin Amurka. Kafin 1972 ana auna inji ne tsirara a kan benci, ba matatar iska, ba cikakkiyar salansa, ba fanka ko wani abu da ke jan ƙarfi. Cadillac Eldorado ta 1970 mai inji lita 8.2 an rubuta mata 400 ta wannan awo. Zuwa 1976 injin nan dai ya koma 190, wani ɓangare saboda an canza awon zuwa na inji yadda yake a cikin mota, wani ɓangare kuma saboda dokokin hayaƙi sun shaƙe shi. Turawan Ingila ma ba waliyyai ba ne a nan. Doki 265 da gudun mil 150 a awa da aka yi ta yayatawa a kan Jaguar E-Type a 1961, motocin da aka ba 'yan jarida an ɗan gyara musu zama fiye da waɗanda ake sayarwa. Rolls-Royce kuwa ta daɗe tana ƙin faɗin adadi gaba ɗaya, sai dai ta ce ƙarfin ya wadatar.

Inda Ingila ta yi zarra shi ne abin da ke faruwa bayan an taka totur, wato kwana da tsayawa. Jaguar ta ci Le Mans a 1953 da birkin faifai na Dunlop, a lokacin da kusan kowa ke kan birkin ganga. Silver Shadow ta zo a 1965 da birkin faifai a ƙafa huɗu, kowace tayar baya tana motsi ita kaɗai, bodi da firam kuma a haɗe suke. Cadillac ta wannan shekara bodi ne a ɗore kan firam, ƙarfe guda ya haɗa tayoyin baya, sifirin kuma mai taushi kamar katifa. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta da tsara wajen daɗin zama. A gangaren dutse mai kwana, birki uku masu ƙarfi sun isa su sa ganga ta ɗau zafi ta fara sakin ƙafa. Yau wannan tazara ta rufe. Cadillac CT5-V Blackwing tana da inji lita 6.2 mai na'urar cusa iska, doki 668, tana wuce mil 200 a awa, har da giyar hannu mai shida ga wanda ke so, kuma kuɗinta bai kai rabin na Bentley Flying Spur ba. A kwana ma ita ce a gaba, don ta fi Bentley sauƙin nauyi da fiye da rabin tan. Abin da Bentley ke sayarwa a yanzu shi ne shiru, da fata, da katako, da yadda tan biyu da rabi ke tafiya kamar ba a kan ƙasa ba.

Ni dai ina ganin masu gardamar ƙasa da ƙasa suna manta yadda jinin ya gauraya. Giyabos ɗin yawancin Silver Shadow na General Motors ne, Turbo-Hydramatic 400, irin wanda ke cikin Cadillac, kuma shi ne ɓangaren motar da ya fi kowanne rashin ba da ciwon kai. Jaguar ma ta koma gare shi a motocinta masu silinda 12. Jensen Interceptor da Bristol, motocin Ingila na shekarun 1960 da 1970, injin Chrysler na Amurka ne a cikinsu. Injin Range Rover na farko asalinsa na Buick ta Amurka ne. Shelby Cobra, wadda Amurkawa ke alfahari da ita, bodin kamfanin AC ne na Ingila aka ɗora wa injin Ford, ta farkon kuma an sayar da ita dala miliyan 13.75 a 2016. Shi kansa Carroll Shelby, mutumin Texas, a cikin Aston Martin DBR1 ya ci Le Mans a 1959 tare da Roy Salvadori. A yau kuwa Rolls-Royce ta BMW ce, Bentley ta Volkswagen, Jaguar ta kamfanin Tata na Indiya.

To me ke riƙe kuɗi? Ƙaranci ne da farko. A shekarun 1970 Cadillac tana ƙera mota sama da 300,000 a shekara mai kyau. Silver Shadow kuwa kusan 30,000 aka yi a tsawon shekara 15, daga 1965 zuwa 1980, kuma ko wannan adadin ya yi wa kasuwar masu tara motoci yawa. Aston Martin DB5 da kaɗan ta haura 1,000. Bentley R-Type Continental 208 ce. McLaren F1 guda 106 ce gaba ɗaya, 64 kawai na titi, shi ya sa ɗaya ta kai dala miliyan 20.46 a 2021. Duesenberg Model J ba ta kai 500 ba, SSJ kuwa biyu tak aka yi, wadda aka sayar ɗin ta ɗan wasan fim Gary Cooper ce. Duk inda Amurka ta ƙera kaɗan, ta samu kuɗin Ingila. Matsalarta ita ce bayan yaƙin duniya na biyu da wuya ta ƙera kaɗan.

Na biyu shi ne tsere. Bentley ta ci Le Mans sau biyar tsakanin 1924 da 1930, Jaguar sau biyar a shekarun 1950. Wannan tarihi yana gangarowa har kan motocin titi na kamfanin. Cadillac da Lincoln da Packard sun gina sunansu a ƙofar otal da gidan gwamnati. Wani Ba'amurke mai tsere, Briggs Cunningham, ya kai Cadillac biyu Le Mans a 1950, suka zo na 10 da na 11, abin yabo ne, amma ba ya ɗaga gwanjo. Shi ya sa motocin Amurka na bayan yaƙi da suka fi tsada ba na alfarma ba ne sam. Chevrolet Corvette L88 ta 1967, wadda 20 aka ƙera, ta kai dala miliyan 3.85 a 2014, kuɗin da zai sayi jerin gwanon Continental Mark II, motar alfarma ta kamfanin Ford da aka sayar kusan dala 10,000 a 1956, aka kuma ƙera ta da kulawar da ba ta gaza ta Rolls-Royce ba. A ganina Mark II na cikin motocin da kasuwa ta fi zalunta.

Labarin Eldorado mai buɗaɗɗen kai ta 1976 ya kamata kowane mai niyyar ajiye mota don riba ya san shi. An tallata ta a matsayin mai buɗaɗɗen kai ta ƙarshe da Amurka za ta ƙera. Mutane suka yi rububi, wasu suka biya fiye da farashin kamfani, suka kulle a gareji ba su tuƙa ba. An ƙera 14,000. A 1984 Cadillac ta dawo da irin motar, har wasu suka kai ƙara kotu ba su yi nasara ba. Motar da kowa ya ɓoye tun tana sabuwa ba ta taɓa yin ƙaranci.

Ba a nan gizo ke saƙa ba ma. Yawancin masu saye ba DBR1 za su saya ba, motocin tsakiya za su saya, kuma a nan ne lissafi ke juyewa. Ɗauki Silver Shadow. Birkinta da na'urar daidaita tsayinta suna aiki da matsin mai, fasahar da aka karɓo lasisinta daga Citroën ta Faransa. Famfo biyu ne da inji ke juyawa, suna tura mai cikin wasu ƙwallayen ƙarfe biyu masu iskar naitirojin da fatar roba a tsakani, matsin yana kai wajen fam 2,500 a kowane inci murabba'i. Da shekaru suka ja, iskar tana sulalewa. Gwajin ba wuya: a bar inji ya yi aiki na 'yan mintuna, a kashe, a buɗe makulli ba tare da an tayar ba, a riƙa taka birki ana ƙirgawa har fitilar gargaɗi ta kama. Mai lafiya tana ɗaukar taku gommai. In fitila ta kama kafin taku goma, ƙwallayen sun mutu, kuma duk ranar da inji ya mutu a kan hanya birkin da ya rage kaɗan ne. Man da take sha shi ne RR363. Silver Spirit da ta gaje ta a 1980 koren man ma'adini take sha. Bakanike ya zuba na wannan a cikin waccan, duk robobin tsarin sai sun kumbura sun lalace, daga famfo har ƙafafu, sai an wargaza an sake kowanne tiyo da kowace roba. Kuskuren minti ɗaya ne, kuɗin gyaransa kuma kan tasam ma kuɗin motar.

Injin Silver Shadow, wanda asalinsa ya fara a 1959 ya kuma rayu a Bentley har 2020, yana da juriya matuƙa in an kiyaye ruwansa. Gangar injin alminiyom ce, silif ɗin da fistin ke kai-komo a ciki kuma na ƙarfe ne, ruwa yana zagaye shi kai tsaye. A riƙa zuba ruwan famfo zalla ba maganin tsatsa, datti zai taru a gindin silif ya matse shi, fistin ya fara ƙwanƙwasa da safe. A gefen gangar akwai wasu ƙananan ramuka da aka bari da gangan. In ana ganin ruwa ko mai na tsiyaya daga cikinsu, robobin silif sun gaji, kuma aikin sai an sauke inji. Mai wayo yana duba ramukan nan da tocila kafin ya dubi kujeru. In aka tarar an toshe su da gam, a juya a tafi.

Jaguar tata cutar daban. A E-Type, firam ɗin gaba da ke ɗauke da inji an yi shi da siririn bututun Reynolds 531, wanda ba ya son walda, in ya tsage ko ya yi tsatsa canza shi ake yi. Canza kuloci sai an fitar da inji. Birkin baya a ciki yake kusa da difarensha, canza faifansa sai an sauke ƙafar baya gaba ɗaya. Ga ta farkon, mai gilashi a kan fitila da kafireta uku, kuɗin gyaran yana dawowa, domin ita masu saye ke nema. Dokokin Amurka na 1968 suka cire gilashin, suka rage kafireta zuwa biyu a motocin da ake kai musu, kuma har yau na bayan nan ba sa kamo na farko a kasuwa. XJ-S mai silinda 12 kuwa tafasa ɗaya tak kan sa mazaunin bawul ya saki ya faɗa kan fistin. Gyaran injin ya fi kuɗin motar a mafi yawan lokuta, shi ya sa Amurkawa da yawa suka cire shi suka sa na Chevrolet, motar ta samu lafiya ta rasa daraja.

Haka Bentley Continental GT ta 2003, mai inji lita 6 da turbo biyu, doki 552. Sabuwa wajen fam 110,000 ce, yau ana samun na farkon a ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗi. An cusa injin ne ba masaka tsinke, ta yadda wasu siraran bututun iska na roba da ke bayansa, a saman giyabos, in zafi ya busar da su suka tsage, sai an sauke inji kafin hannu ya kai. Abin 'yan kuɗi kaɗan, aikin kwanaki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, illa dai da yawa ba su san rariya suka saya ba, tambarin fukafukai suka gani.

Motocin Amurka ma suna da nasu tabon, kada a ce na yi son kai. Eldorado Brougham ta 1957, wadda aka sayar dala 13,074, sama da Rolls-Royce ta lokacin, a kan jakunkunan iska take zaune, suna yoyo har ta kwana a durƙushe, masu ita da yawa suka mayar da ita kan sifirin ƙarfe. Lincoln Continental mai ƙofa huɗu da buɗaɗɗen kai ta 1961 zuwa 1967, rufinta yana bin jerin makunnan lantarki ne ɗaya bayan ɗaya, guda ya maƙale rufin ya tsaya a tsakiya, ba gaba ba baya. Injin Northstar na Cadillac na shekarun 1990 kusoshin da ke riƙe kansa suna zare haƙoran ramin alminiyom, gasket ya ƙone, magani sai an huda an dasa sabon haƙori na ƙarfe a ramuka 20.  Amma in aka ɗauki Cadillac ko Lincoln ta shekarun 1960 gama-gari, injin ƙarfen zubi ne, kafireta ɗaya, wayarin mai sauƙin bi, kayan inji da na birki har yau ana ƙera su da araha. Abin da ke da wuyar samu shi ne ƙarafan ado da kayan cikin ɗaki. Irin wannan mota ba za ta azurta mai ita ba, ba kuma za ta sa ya sayar da fili ba.

Takarda ita ce ragowar lissafin. Lambar inji ta dace da lambar firam kamar yadda suka fito daga masana'anta, launi na asali, bodi na asali. Ingila ta fi tsari a nan: Jaguar tana da gidauniyar da ke ba da takardar shaidar yadda kowace mota ta fito, ƙungiyar masu Rolls-Royce da ke Paulerspury kuma tana riƙe da takardun ƙirar tsofaffin motocin kamfanin. A ɓangaren Ford da Lincoln akwai rahoton Marti, takardar da ke nuna yadda mota ta fito daga masana'anta, daga 1967 zuwa sama. Duesenberg da aka sauya wa bodi daga baya ba ta kusantar kuɗin wadda ke ɗauke da bodinta na farko, ko da sabon ya fi kyau. Sunan wanda ya taɓa mallaka ma kuɗi ne: DB5 da aka haɗa domin tallar finafinan James Bond ta tashi a kusan dala miliyan 6.4 a 2019, ninkin-ba-ninkin na 'yan'uwanta.

Wannan batu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Gidajen sarauta a arewacin Najeriya, irin gidan Sarkin Kano, suna da tsofaffin Rolls-Royce da suka ga bukukuwa da manyan baƙi. Darajarsu tana cikin takardar saye, da hotunan ranar da aka shiga da su gari, da lambar firam da ba a taɓa ba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, tun daga nan aka saba juya sitiyarin motocin Ingila zuwa hagu. A motar hawa ta yau da kullum wannan larura ce. A motar tarihi kuwa yanka gaban motar a juya sitiyari, ko cire injinta a sa na Toyota don kafireta ta gagari bakanike, yana zubar da kaso mai tsoka na kuɗinta a yini ɗaya. In dole ta sa aka cire wani abu, a shafe shi da mai, a rubuta lambarsa, a ajiye shi a ɗaki mara laima kusa da motar.